Shamshir ko Kilij: Wane Irin Takobi Muka Gada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Akwai wani lanƙwasasshen takobi a gidanmu wanda kakan mahaifinmu ya zo da shi daga aikin hajji, a zamanin da ake tafiya ta ƙasa, kuma tun daga lokacin yana rataye a turakar babban gida, ba a fito da shi sai ranar hawan salla. Tsawonsa duka bai cika kamu biyu ba. Daga wajen ƙota har zuwa tsakiya kusan a miƙe yake, sai kuma ya lanƙwashe lokaci guda, sannan kimanin taƙi ɗaya kafin tsini ya ƙara faɗi, kuma bayan wannan wurin mai faɗi yana da kaifi. Ƙotar ta ƙaho ce, ƙarshenta a dunƙule kamar kan sanda, akwai rubutun zinariya da ya fara gogewa kusa da ita, kuben kuma jar fata ce irin tamu, amma a tsage yake ta baya daga baki. Wani abokina da ya yi karatu a Masar ya ce sunansa shamshir, ƙanena kuwa mai yawan kallon wasannin tarihi na Turkawa ya rantse cewa kilij ne. Mene ne bambancin waɗannan takubba biyu, kuma namu wanne ne a cikinsu? Daga mai karatu a Rijiyar Ɗorowa, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan magabata. Idan siffar da ka zayyana haka take, to ƙanenka ne ya yi gaskiya, domin takobinku kilij ne, kuma daga cikin kilij ɗin ma irin na baya-bayan nan ne wanda ake kira pala, wanda ya yawaita a ƙarni na 18 da farkon na 19. Amma kada ka yi saurin ɗora wa abokinka laifi, saboda sunayen biyu da kansu suna da ruɗarwa. Kalmar shamshir a harshen Farisa ba ta nufin komai face takobi, haka nan kilij a harshen Turkawa, waɗanda ke furta ta kusa da "kilic", ita ma takobi take nufi, kamar dai yadda Balarabe zai ce saif ko Bahaushe ya ce takobi ko kansakali, ba tare da ya damu da miƙewarsa ko lanƙwasarsa ba. Masu nazarin tsofaffin makamai ne suka keɓe kowace kalma ga siffa guda, suka bar shamshir ga takobin Iran, kilij kuma ga na Daular Usmaniyya. A nan Sakkwato dole in yi ƙarin bayani, cewa Usmaniyyar da nake nufi ita ce ta Turkawa mai fada a Istanbul, ba tamu ta Shehu Mujaddadi ba.

Akan ji wasu suna cewa asalin ma'anar shamshir ita ce farcen zaki ko wutsiyar zaki, wai saboda lanƙwasarsa. Zance ne mai daɗin ji, sai dai kalmar ta girmi lanƙwasar, domin Farisawa suna kiran takubbansu da wannan suna tun kafin zuwan Musulunci, a lokacin da takubban nasu miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu. Lanƙwasasshen takobi ya shigo ƙasashen Musulmi ne daga mahayan dawaki na filayen tsakiyar Asiya, musamman ƙabilun Turkawa, waɗanda suka fara cika rundunar Abbasiyawa tun zamanin Halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, daga baya kuma Saljuƙawa da Mongol suka ƙara baza shi. Saboda haka shamshir da kilij 'yan gida ɗaya ne, kakansu ɗaya, sai dai kowanne ya girma a hannun maƙeran wata ƙasa, kuma kowace ƙasa ta zaɓi irin aikin da take so takobin ya yi mata.

Wannan aikin shi ne tushen bambancin duka, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce ka tsaya ka kalli mahauta. Mai tsire idan zai fitar da tsoka sirara ba ya buga wuƙa a kan naman, ɗora kaifin yake yi ya ja shi zuwa jikinsa, naman ya rabu ba tare da an yi ƙarfi ba. Wanda ke datsa ƙashi a gefensa kuwa adda yake ɗagawa ya sauke, kuma in ka lura za ka ga addar ta fi faɗi da nauyi ta wajen kai, domin nauyin nan shi ne ke yin rabin aikin. Shamshir takobin yanka ne, kilij kuma takobin sara ne. Duk sauran abin da zan faɗa game da ruwan takobin, da bayansa, da tsininsa, daga nan ya samo asali.

Ruwan shamshir siriri ne, faɗinsa a gindi bai cika wuce santimita 3 ba, kuma yana tafiya yana ƙara sirancewa har ya ƙare a tsini, ba tare da ya ƙara faɗi a ko'ina ba. Lanƙwasarsa mai zurfi ce kuma a jere take, kamar jinjirin wata, ba ta da wani wuri guda da za ka nuna ka ce a nan ta karye. Kaifinsa ɗaya ne, bayansa kuma dakusasshe ne tun daga ƙota har kusan tsini, kuma yawanci ba a yi masa kwarin nan da ake tonawa a tsawon ruwan takobi don rage nauyi. Tsawonsa duka yakan kai tsakanin santimita 90 da mita ɗaya, amma nauyinsa yawanci bai kai kilo guda ba. Hikimar wannan zurfin lanƙwasa ita ce, idan barde yana sukuwa ya wuce abokin gaba, kaifin ba ya faɗa wa jiki gaba ɗaya a tsaye, ɗan ƙaramin sashe ne kawai ke fara taɓawa, sauran kuma ya biyo yana zamewa, ta yadda gudun dokin da juyawar hannu su ne ke jan takobin a cikin raunin. Ta haka yakan keta tufafi masu kauri da tsoka, ya fita ba tare da ya maƙale ya fizge hannun mai shi ba. Abin da aka rasa a madadin haka shi ne suka, domin tsinin ya kauce nesa da saitin hannu, kuma duk wanda zai soki wani da shamshir sai ya karkata wuyan hannunsa ya kewayo da tsinin, abin da ba kowa ke iya yi ba a cikin ƙurar yaƙi.

Wannan siffa ta kai cikarta ne a zamanin daular Safawiyya ta Iran, musamman a ƙarni na 16 da na 17. Sunan da ya fi kowanne shahara a cikin maƙeranta shi ne Asadullahi na Isfahan, wanda ake dangantawa da zamanin Shah Abbas na ɗaya, sarkin da ya mayar da fadarsa Isfahan a 1598 kuma ya rasu a 1629. Takubban da ke ɗauke da tambarin "aikin Asadullahi" suna da yawa ƙwarai, kuma shekarun da aka rubuta a jikinsu sun zarce tsawon rayuwar mutum guda nesa ba kusa ba, abin da ke nuna cewa sunan ya zama tambarin nagarta da maƙeran baya suka riƙa bugawa don kasuwa. Na kawo wannan ne don duk wanda aka tallata wa takobi da wannan suna ya san cewa sa hannun kaɗai ba hujja ba ce.

Kilij kuwa alamarsa ta farko, wadda in babu ita ba a cika kiran takobi da wannan suna ba, ita ce wurin nan mai faɗi da ka ambata kusa da tsini. Turkawa suna kiransa yalman, yakan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ruwan takobin, kuma bayansa a wase yake, wato a wannan sashe takobin mai kaifi biyu ne. Ka ɗora yatsanka a bayan takobinku kusa da ƙota ka bi shi a hankali zuwa gaba, za ka ji yatsan ya zo wani wuri ya ci karo da ɗan tudu, to daga nan yalman ya fara, kuma daga nan sai ka janye yatsan domin gaba kaifi ne. Amfaninsa na farko shi ne tara nauyi a daidai inda takobin ke sauka, kamar addar da na ambata, don haka saran kilij yana da ƙarfin da zai iya karya ƙashi ko ya girgiza wanda ke sanye da sulke ko da bai keta zoben ba. Na biyu, kaifin bayan yana ba mai shi damar yanka a kan hanyar dawo da hannu ba tare da ya juya takobin ba. Na uku, da yake tsinin yana da kaifi ta ɓangarori biyu, suka da shi ta fi sauƙi a kan suka da shamshir, ko da yake shi ma ba don suka aka ƙera shi ba.

Ya kamata a sani cewa kilij ba siffa ɗaya ya riƙe ba a tsawon tarihinsa. Na farko-farko, na ƙarni na 15 da na 16, dogaye ne, lanƙwasarsu kaɗan ce, yalman ɗinsu kuma bai fito sosai ba, kuma irin wannan ne takobin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Alfatih, wanda ya ci Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453, takobin kuma yana ajiye a fadar Topkapi a can. Da tafiya ta yi tafiya sai takobin ya gajarce, ya ƙara faɗi, lanƙwasar ta taru a wuri guda daga tsakiya zuwa gaba, yalman ya fito fili. Wannan shi ne pala, kuma shi ya dace da abin da ka zayyana na miƙewa daga ƙota sannan lanƙwasa lokaci guda. Akwai wata alama da ba ka ambata ba, wadda nake so ka duba: a yawancin pala, bayan takobin daga ƙota zuwa inda yalman ya fara yana da wani ɗan dandamali da ya fito ta gefe biyu, ta yadda in da za a datse ruwan a kalle shi ta kai, za a ga siffar harafin T. Dabara ce ta maƙera don takobi mai faɗi ya zama siriri mara nauyi amma kada ya riƙa lanƙwashewa gefe idan an yi sara da shi, kamar dai yadda ake ƙarfafa dogon ƙarfen gini.

Tsagar da ka gani a bayan kube ba lalacewa ba ce, kuma kada ka kai wa baduku ya ɗinke ta. Takobin da lanƙwasarsa ba a jere take ba, kuma kansa ya fi tsakiyarsa faɗi, ba zai fita daga rufaffen kube ba sai an bar masa hanya, shi ya sa ake tsaga bayan kuben kimanin taƙi guda daga baki. Shamshir da yake lanƙwasarsa ɗaya ce kuma yana sirancewa zuwa tsini, yakan zame ya fita ba tare da wannan tsaga ba. Jar fatar kuwa ba ta canza komai game da asalin takobin, sai dai tana ba da labarin zamansa a wurinmu. Kuben asali yakan kasance katako ne da aka lulluɓe da baƙar fata ko ƙarammiski, da azurfa ko tagulla a baki da gindi, da zobba biyu na rataya. Idan fatar ta tsufa, abin da ya fi kusa shi ne a kai wa dukawan gari su sake lulluɓe shi da fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, su ɗaura masa hamila, kuma da alama wanda ya yi wa naku aikin ya san abin da yake yi tunda ya bar tsagar yadda ya same ta.

Ƙota ita ce abu na gaba, amma na ajiye ta baya da gangan, domin ita ce shaidar da ta fi kowace saurin yaudara. A ƙa'ida ƙotar shamshir siririya ce, an manna mata ɓallaye biyu na hauren giwa ko na dabbar ruwa ko ƙaho, ƙarshenta ya karye ya fuskanci ɓangaren kaifi, an rufe shi da 'yar hular ƙarfe. Ƙotar kilij kuma ta fi kauri, yawanci ta ƙahon ɓauna ko na karkanda ce, ƙarshenta a dunƙule yake ya lanƙwaso kamar mariƙin ƙaramar bindiga, sau da yawa da huji a tsakiya inda ake zura igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Dukansu biyu suna da ƙarfen gicciye mai kare yatsu, da 'yan harsuna biyu, ɗaya ya hau ƙota, ɗaya ya sauka kan bakin kube. Matsalar ita ce ruwan takobi mai kyau yakan yi shekaru ɗaruruwa, ƙota kuwa takan fashe a sake wata, kuma ruwan shamshir na Iran kaya ne na fatauci da ya shiga ko'ina. Za ka same shi da ƙotar Turkawa a Istanbul, da ƙotar Larabawa mai sarƙar azurfa a Sham, a Indiya kuma da ƙotar talwar ta zallar ƙarfe mai faifai a ƙarshe. Ina kyautata zaton irin waɗannan gauraye ne abokinka ya gani a Masar ana kiransu shamshir, ya ga ƙotarsu ta yi kama da taku. A ra'ayina, duk lokacin da ƙota ta ce abu ɗaya ruwa ya ce wani, to maganar ruwa za a ɗauka.

Ga wata 'yar jarrabawa da za ka yi a gida. Ka kwantar da takobin a kan tabarma, ka miƙa zare daga gicciyen ƙota zuwa tsini ta ɓangaren baya, sannan ka dubi ratar da ke tsakanin zaren da ƙarfen. A shamshir ratar tana buɗewa a hankali tana kuma rufewa a hankali, kamar baka da tsirkiyarsa. A pala kuwa za ka ga bayan takobin ya tafi kusan a miƙe, ya zo ya yi gwiwa, sannan ya sake miƙewa zuwa tsini. Bayan haka ka riƙe shi ka ɗaga a hankali, za ka ji kan yana jan hannunka ƙasa, yana neman ya sauka da kansa.

Game da ƙarfen, babu bambanci na asali tsakanin su biyun, domin mafi kyawunsu duka da ƙarfen jauhar aka ƙera su, wanda Turawa ke jinginawa ga birnin Dimashƙa. Ana narka shi ne a cikin rufaffun tukwanen yumɓu a Indiya da Khurasan, ya huce a hankali ya zama dunƙule, sannan maƙeri ya buga shi da wuta mai sauƙi, domin in ya ƙure masa zuga zanen da ke cikinsa zai ɓace. Zanen nan mai kama da igiyar ruwa ko sawun tururuwa a cikin ƙarfen yake, ba a bisa aka zana shi ba, ana dai fito da shi ne ta hanyar shafa wani ruwa mai tsami bayan an goge. Farisawa sun fi ƙwarewa a nan, har sukan bar ruwan shamshir kusan babu ado don ƙarfen ya nuna kansa, in ban da ɗan tambari ɗaya ko biyu da wani ƙaramin hatimi mai gida huɗu da ake kira buduhu. Turkawa kuwa sun fi son rubutu, sukan shimfiɗa ayoyi da addu'o'i da zinariya a tsawon ruwan, irin su "Nasrun minallahi wa fathun ƙarib" da "Tawakkaltu alallahi", wani lokaci har da sunan mai takobin da shekarar Hijira. Ka sa wani mai karanta rubutun Larabci ya duba naku da hasken rana a karkace, domin in akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun, to ka sami shekarar.

Yadda takobin ya iso hannun kakanku ba abin mamaki ba ne. Makka da Madina suna ƙarƙashin Turkawa tun bayan da Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517 har zuwa lokacin yaƙin duniya na ɗaya, Tarabulus ma ta shiga hannunsu a 1551, kuma ta can ne Mai Idris Alauma na Barno ya yi hulɗa da Istanbul har ya sami 'yan bindiga Turkawa. Bayan haka, tun daga 1826 da Sarki Mahmudu na biyu ya rushe tsohuwar rundunar Janisari ya kafa soja irin na Turai, tsofaffin makamai suka fara fita daga hannun soja suna shiga kasuwa, saboda haka alhajin da ya yi shekaru a Hijaz yana sana'a kafin ya dawo zai iya sayen pala ko a ba shi kyauta. Abin lura kuma shi ne a daidai lokacin da Turkawa ke ajiye wannan takobi ne Turawa suka ɗauke shi, bayan sojojin Napoleon sun gamu da baraden Mamluk a Masar a 1798. Ingila ta mayar da mai irin wannan ƙota takobin janar-janar ɗinta a 1831, kuma hafsoshin rundunar Marin ta Amurka suna rataya irinsa a faretinsu har yau.

Shawarata ta ƙarshe a kan wannan ita ce kada ka kai shi wurin mai wasa wuƙa, kuma kada wani yaro mai son ya ga yana ƙyalli ranar salla ya sa masa samfefa ko toka, domin shafa ɗaya za ta tafi da sauran zinariyar da zanen jauhar in akwai shi. Ka goge shi da tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki, ka riƙa zare shi daga kube lokaci-lokaci da damina saboda fata tana riƙe laima, da hunturu kuma ka nisanta ƙotar daga rana da iska, domin bushewar ƙasarmu tana tsaga ƙaho.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata, kuma a zanen littattafai da allunan makarantun Islamiyya kullum lanƙwasasshen takobi ake sa wa mayaƙan Musulunci, amma takubban da nake gani a hannun mahaya ranar salla miƙaƙƙu ne. Da wanne aka yi jihadin Shehu? Daga wata malama a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Malama, idonki ya fi zanen gaskiya. Takobin da ya fi yawa a ƙasar Hausa, kafin jihadi da bayansa, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ɗan'uwan wanda Buzaye ke ratayawa, waɗanda ke kiransa takoba, kuma kusancin sunan da namu ba ɓoyayye ba ne. Mutanen Sudan ma miƙaƙƙe suka riƙe, da shi mayaƙan Mahadi suka fuskanci Ingilishi a Omdurman a 1898. Wannan ba ci baya ba ne daga al'adar Musulunci, hasali ma shi ya fi kusa da ta farko, domin takubban Larabawa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sahabbai miƙaƙƙu ne, kuma a kafaɗa suke rataya su da hamila kamar yadda mahayanmu ke yi, ba a ɗamara ba. Lanƙwasasshen ya zo daga baya ta hannun Turkawa kamar yadda na bayyana a sama, kuma da yake su ne Musulmin da Turai ta fi gwabzawa da su, sai masu zanen Turai suka mayar da takobinsu alamar kowane Musulmi, mu kuma muka karɓi zanen daga littattafansu.

Akwai kuma dalilin kasuwa. Yawancin ruwan takubba masu kyau da ke shigowa ƙasarmu ta hamada daga Turai suke, musamman garin Solingen na Jamus, kuma Barth, Bajamushen matafiyi wanda ya shiga Kano a 1851, ya ga ana kawo su da yawa ana yi musu ƙota da kube a can. Miƙaƙƙu ake kawowa domin su masu saye ke nema, maƙeranmu na gida kuma, irin na Maƙera Assada a nan cikin gari, a kan wannan siffa suka gaji aikinsu. Sannan takobi ba shi ne makamin farko ba a yaƙin ƙasar nan. Barde da mashi yake fara kai hari, sai an cakuɗe yake zare takobi, kuma a Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka ne na jama'ar Shehu suka tsaya wa dawakin Gobir masu lifidi.

Duk da haka ba a ce ba a san lanƙwasasshen ba. Hausa tana da sunan bisalami ga takobi mai lanƙwasa da kaifi ɗaya, tana kuma da hindi, wanda sunansa kaɗai ya nuna inda ake jingina shi. Irin waɗannan kaɗan ne, sukan zo ta hannun alhazai da fatake ko a matsayin kyauta tsakanin sarakuna, shi ya sa aka fi ganinsu a gidajen sarauta da na malamai. Idan kina so ɗalibanki su gani da idonsu, ki nemi izini ki kai su gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, ki sa kowace ta zana takobin da ta gani ta rubuta ko kaifinsa ɗaya ne ko biyu, sannan ku kwatanta da hoton da ke cikin littafinsu idan kun koma aji.